Yadda munka kwashe takardun Islamiyyarmu daga .doc zuwa .odt, da wahalar da ƙ, ɗ da ɓ sunka ba mu

Ana saura sati uku a fara jarabawar zango na biyu Kawu ya kira ni bayan la'asar wai in zo makaranta yanzu-yanzu. Kawuna shi ne shugaban wata Islamiyya a nan cikin garin Sakkwato wajen Mabera, ni kuma ina da ɗan shagon taifin da fotokofi, to duk abin da ya shafi na'ura a dangi ni ake nema. Na tarar da shi zaune gaban sabuwar laftof ɗin da tsofaffin ɗalibai sunka haɗa kuɗi sunka saya wa makaranta, Malama mai taifin tana tsaye gefe ta yi jugum. Ya juyo min da fuskar laftof ɗin yac ce "kai dibi abin ga, wane irin rubutu na wanga?" Takardar tambayoyin Fiƙihu ce ta aji huɗu wadda ake ɗan gyarawa duk shekara, amma inda ya kamata a ga ɗalibai sai ga xalibai, ƙarshe ya koma qarshe, ɓangare ya koma vangare, haka tun daga sama har ƙasa. Kuma ko gyarawa ba ta yiwuwa, don Word ɗin da ya zo cikin laftof ɗin na gwaji ne, wa'adinsa ya cika, yana bari ka buɗe ka karanta amma ba ya bari ka taɓa komai sai an biya lasisi.

Gaskiya abin da ya fara zuwa bakina shi ne abin da kowa ke yi a kasuwa, na ce Kawu bari in kawo filash in sa muku wanda anka fasa, minti goma an gama. Ya dube ni ya ce a makarantar da ake koya wa yara amana ba za a riƙa buga tambayoyin Fiƙihu da kayan da ba a biya mai shi ba, in akwai na halal a kawo, in babu a rubuta da hannu a kai fotokofi kamar da. Ban sake cewa komai ba. Kuɗin lasisi kuwa makarantar da albashin malamai ma sai an jira iyaye sun biya kuɗin wata ba ta da shi, shi ya sa na kawo maganar LibreOffice, wani madadin Word wanda kyauta ne kuma halal ɗinsa ne a kwafa a ba wani. Wata gidauniya ce a Jamus mai suna The Document Foundation ke kula da shi tun 2010 da wasu masu aikin OpenOffice sunka ware sunka kafa ta.

Takardun duk suna cikin tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows XP da Word 2003, wadda ta daina tashi tun lokacin hunturu. Na ciro hadis ɗinta, wato ma'ajiyar fayilolinta, na jona da laftof ta USB, Allah ya taimake mu bai mutu ba. Abin da ke ciki ya haura fayil 600, tambayoyin jarabawa na shekaru, takardun sakamako, wasiƙun da ake ba yara su kai wa iyaye, tsarin walimar saukar Alƙur'ani, waƙoƙin da yara ke rerawa ranar walima, sai wani ɗan littafin Tauhidi da Hausa da wani malaminsu ya rubuta kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa, wanda a iya saninsu babu kwafinsa a ko'ina sai nan. Mafi yawa .doc ne, sai wasu .docx da malamai sunka riƙa kawowa a filash daga baya.

Kawu ya tambaye ni tambayar da ta dace, tunda LibreOffice yana buɗe .doc ɗin a yadda yake, don mi za a wahala a sauya zuwa .odt, tsarin da shi LibreOffice ke ajiye takarda? Sai na nuna masa da ido. Na kwafi fayil ɗaya na .doc na buɗe shi a Notepad, sai tarkacen alamomi da ba mai iya karantawa, jefi-jefi ka tsinci kalma. Shi .doc tsari ne na Microsoft da Word ya yi amfani da shi daga 97 zuwa 2003, kuma sai a 2008 kamfanin ya buɗe cikakken bayanin yadda yake ga kowa, kafin nan masu wasu manhajojin da lalube suke gano shi. Daga nan na ajiye takardar a .odt, na canza ƙarshen sunan zuwa .zip na buɗe, sai ga ƙananan fayiloli a ciki, content.xml da styles.xml da meta.xml. Na buɗe content.xml, ga tambayar nan a fili "Kawo farillan alwala" a tsakanin alamomi, ya sa tabarau ya karanta da kansa. Na ce masa wanga tsarin sunansa OpenDocument, ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2005, hukumar ma'auni ta duniya ISO ta ba shi lamba 26300 a 2006, bayaninsa a buɗe yake duk mai son rubuta manhajar da za ta karanta shi yana iya yi ba sai ya nemi izinin kowa ba, har gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi a 2014 don takardun da take musaya da jama'a. Kawu ya yi shiru sannan ya ce Shehu ya rasu tun 1817 amma littattafansa da na Abdullahin Gwandu da na Bello duk wanda ya iya karatu in ya je ɗakin tarihi na Waziri Junaidu zai karanta su ba tare da ya biya mai alƙalami ba, to a yi wa takardun makaranta abin da ya fi kusa da haka.

Don adalci, .docx ba kamar .doc yake ba, shi ma zip ne mai irin waɗannan fayilolin .xml a ciki kuma shi ma ISO ta ba shi lamba 29500 a 2008. Abin da ya sa ban bar su a .docx ba shi ne, .odt ne harshen gidan LibreOffice, duk lokacin da ka ajiye a .docx kamar tafinta ka sa a tsakani, yau ya kauce kaɗan gobe ya kauce kaɗan, takardar da ake gyarawa duk zango kuwa kaucewar taruwa take yi. Kuma Word da kansa yana buɗe .odt tun gyaran da anka yi wa Office 2007 a 2009, don haka ba mu rufe wa kanmu ƙofa ba.

Abu na farko da na yi, kuma shi ne ya cece ni daga baya, na kwafi komai wuri uku, laftof da filash biyu, na sa wa foldar suna ASALI KAR A TAƁA, filash ɗaya na ba Kawu ya kai gida. Sauyawar kanta ba ta da wuya. A cikin LibreOffice akwai Document Converter a ƙarƙashin Wizards ga wanda ba ya son rubuta umarni, ni dai layi ɗaya na rubuta, soffice --headless --convert-to odt --outdir sabbi *.doc, sannan na maimaita wa na .docx. Bayan isha'i na fara, an ɗauke wuta a tsakiya batir ya riƙe, kafin sha biyun dare ya gama. Na kwanta ina ganin aiki ya ƙare.

Da safe na ƙirga sai na ga sababbin ba su kai tsofaffin yawa ba. Kuskurena ne, na zuba duka a folda ɗaya, to akwai fayiloli masu suna iri ɗaya, misali hadisi aji uku.doc da hadisi aji uku.docx, ko jarabawa.doc a foldar wannan shekara da jarabawa.doc a foldar waccan, duk suna komawa suna ɗaya da .odt, na baya ya hau kan na farko ba tare da ya yi ko tari ba. Da a ce na goge na asali da shi ke nan. Na sake yi folda-folda, kuma na lura duk sababbin fayilolin kwanan watan daren nan suke ɗauke da shi, alhali Malama da kwanan watan fayil take gane na wace shekara ne, don haka munka zauna munka sa shekara a gaban sunan kowanne muna duba na asali. Yini guda wannan ya ci.

Amma xalibai yana nan xalibai. Nan ne na gane sauya mazubi bai taɓa abin da ke cikin mazubin ba, kuma nan ne ainihin aikin yake. A shekarun da anka fara taifin Hausa a kwamfuta ba a samun ƙ da ɗ da ɓ cikin sauƙi, sai masu hikima sunka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman, abin da mu masu taifin muke ce wa font, wanda in ka danna q zai zana maka ƙ, x ya zana ɗ, v ya zana ɓ, tunda Hausa ba ta amfani da waɗannan ukun. Dabara ce mai kyau a lokacinta kuma da ita anka buga littattafai da jaridu masu yawa, ina ganin girman waɗanda sunka yi ta. Sai dai a cikin fayil ɗin q ɗin nan q ce, riga kawai anka sa mata, ranar da ka buɗe takardar a kwamfutar da babu wanga font rigar ta faɗi. Hanya mai sauƙi ita ce in kwaso tsohon font ɗin daga hadis in sa a laftof, ido ya ga daidai, kuma na yi hakan na kwana biyu don a samu a buga tambayoyin da ke gaba. Amma in an tsaya nan, ka nemi kalmar ƙasa a cikin littafin Tauhidin nan kwamfuta za ta ce babu, ka kwafi sanarwa ka tura wa iyaye a WhatsApp su ga qasa da xa, kuma duk wanda ka ba fayil sai ka haɗa masa da font. Fayil ɗin ya zama buɗaɗɗe a suna, rubutun ciki yana ɗaure.

Maganin shi ne a mayar da su haruffan gaskiya na Unicode, inda kowane harafi ke da lambarsa da duk na'urar duniya ta sani, ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253, manyansu kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A LibreOffice in ka rubuta lambar ka danna Alt da X tare sai ta rikiɗe ta zama harafin. Gwajin farko na yi gaggawa, na ce a musanya duk q da x da v a takarda gaba ɗaya. Makarantar tana haɗawa da darussan boko, sai ga Civic Education ya koma Ciɓic, Exam ya koma Eɗam, lambar aji ta Romawa IV ta koma IƁ. Na janye. Malama ce ta ba ni makullin ba tare da ta sani ba, ta ce ai ita duk sanda za ta rubuta kalmar Turanci sai ta sauya zuwa Times New Roman don in ba haka ba v ɗin za ta fito da ƙugiya. Ashe ke nan fayil ɗin ya san wace q ce ta Hausa wace ce ta Turanci, don sunan font ɗin yana nan manne da kowace kalma ko da babu shi a kwamfutar. A wajen nema da musanyawa akwai maɓallin Format, ka ce masa q ɗin da ke sanye da font kaza kawai nake nufi, ka kuma kunna bambanta babban harafi da ƙarami, sai ya bi su su kaɗai ya bar na Turanci. Sau shida ake yi a kowace takarda, ƙanana uku manya uku, sannan a zaɓe rubutun a mayar da shi font mai ƙugiyoyin gaskiya. Mun ɗauki Charis SIL don wasiƙu da littafi, Andika kuma don takardun ƙananan aji saboda don masu koyon karatu anka yi shi, haruffansa a buɗe suke yaro ba ya rikita su.

Wasu takardun kuma na wani sakatare ne da ya riga Malama, shi nasa font ɗin da alamomin baka yake aiki, sai ka ga }asa da ]aya da ~era. Waɗannan sun fi sauƙi sai a takardun lissafi inda akwai baka na gaskiya, dole a bi da ido. Harafin 'y mun bar shi yadda muke rubuta shi a Najeriya, 'ya'ya da 'yan makaranta, duk da akwai ƴ mai ƙugiya da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita, in ka tsallaka Illela ka shiga Ƙonni ita za ka gani a littattafan makaranta.

Littafin Tauhidin marigayi ban yarda na bar wa na'ura ita kaɗai ba. Bayan musanyawa na buga shi a takarda, ni ina karanta sabon da ƙarfi, wani malami da ya yi karatu wajensa yana bin tsohon bugun da munka fitar da tsohon font, dare huɗu a farfajiyar makaranta saboda zafin ofis ba ya zaunuwa a watan Afrilu. Mun tsinci wurare da marigayin ya manta bai sauya font ba, da wuraren da tun asali kuskuren taifin ne. Na tambayi malamin na ce Allah gafarta Malam mu gyara ko mu bari, ya ce kuskuren harafi a gyara, amma kalma ko jimla ko da muna ganin wata ta fi ta kar a taɓa, maganarsa ce.

Larabci ya zo da nasa. Sai da na kunna Complex Text Layout a saitin harsuna sannan maɓallan rubutu daga dama zuwa hagu sunka bayyana, kuma hadisai da addu'o'in da anka rubuta da allon Larabci na kwamfuta sun fito lafiya, font kawai na mayar Amiri don wasula su zauna daidai. Ayoyin Alƙur'ani ne matsala, an ɗauko su ne daga wata tsohuwar manhaja mai nata font na daban, sai sunka fito akwati-akwati da alamomin da ba su da ma'ana. Nan Kawu ya hana duk wata dabara, ya ce a sake shigar da su daga Mus'hafi kuma malamai biyu mahaddata su duba kowace aya kafin a buga, haka anka yi, kuma har yanzu ba a gama na tsofaffin shekaru ba. Waƙoƙi biyu na ajami da ke ciki hotuna ne anka manna don haka sun wuce yadda suke, na dai sauko da Alkalami da Harmattan, font biyu da ƙungiyar SIL mai aikin harsuna ta yi don ajamin ƙasashenmu, ko wata rana a buga su da harafi.

Takardar sakamako ita ce ta fi wargajewa. Wanda ya tsara ta da sarari ya riƙa tura kalmomi har su kai inda yake so, ga akwatunan rubutu an ɗora bisa tebur, ga sunan makaranta da WordArt ya lanƙwasa a sama, da font ya canza faɗi kaɗan sai komai ya zame, shafi ɗaya ya zama biyu, wurin sa hannun shugaba ya koma bayan takarda. Inda matsalar faɗin harafi ce kawai ana samun sauƙi, don Liberation Serif faɗinsa ɗaya da Times New Roman, Carlito kuma ɗaya da Calibri. Amma wagga ban tsaya lallashinta ba, na sake gina ta daga farko da tebur na gaskiya na ajiye ta a .ott, wato uwar takarda, duk sanda anka buɗe sabuwa take bayarwa uwar tana nan ba a ɓata ta ba. Tsofaffin sakamakon yaran da sunka riga sunka gama kuwa ba gyara za a yi musu ba, na buɗe su da tsohon font na fitar da su PDF/A, irin PDF ɗin da anka tsara don dogon ajiya wanda ke haɗiye font ɗin a cikinsa. A ganina wanga shi ne daidai, abin da za a ci gaba da gyarawa .odt, abin da ya zama tarihi PDF, ba komai ne ake tilasta wa tsari ɗaya ba.

Malama ta sha wuya a satin farko kuma ban ga laifinta ba, shekara da shekaru yatsunta sun saba q ce ƙ. Na sa mata allon rubutun Hausa da ke cikin Windows, na rubuta mata wurin kowane harafi a ɗan kwali munka manna gefen laftof. Har yau takan danna x a wurin ɗ in tana sauri, sai ta ɗauki al'ada kafin ta ajiye takarda ta nemi q da x da v ta ga ko wani ya ɓuya. Ta ce min "ƙanena ni abin da ya fi min daɗi yanzu in na tura sanarwa a waya iyaye ba su kira suna tambaya wane yare ne." Na kuma saita LibreOffice ya riƙa ajiyewa a .odt kai tsaye don kar a koma gidan jiya ba a sani ba.

Mutanen waje ba mu ce su canza don mu ba. In wani ofis ya ce a kawo takarda a Word, Malama tana fitar da kwafin .docx daga na .odt, ta buɗe ta duba, ta aika, amma gyara a na .odt ake yi kullum. Masu buga kalanda da takardar walima PDF muke kai musu. Malamai kuma da yawa manhajar da ke wayarsu ba ta nuna .odt da kyau, to wanda karantawa kawai zai yi PDF ake tura masa, biyu da ke rubuta tambayoyinsu a waya na sa musu Collabora Office, manhajar waya mai buɗe .odt. An yi jarabawar a kan lokaci, sauran tsofaffin takardun kuma mun ɗauki kusan wata biyu muna binsu da yamma-yamma, kuɗin da anka kashe bai wuce na filash biyu da data da takardar gwaji ba.

Akwai fayiloli tara da har yanzu suna cikin ASALI KAR A TAƁA ba su sauyu ba, tsohon sakataren nan ya sa musu kalmar sirri, LibreOffice yana tambayarta kamar yadda Word zai tambaya, kuma daga sunayensu muna zaton rajistar ɗaliban shekarun farko ce. Ya bar aiki da daɗewa ya koma garinsu wajen Wurno. Kawu ya ce kar in gwada fasa su, yana da zuwa ɗaurin aure can bayan Sallah, zai neme shi ya tambaye shi da bakinsa ko yana tune.